Ina "Wai" Take a Bakin Na'ura?

A shafin tambayoyi na Wikidata akwai farin fili da ake rubutu a cikinsa, da shuɗin maɓalli a gefen hagu. Mai rubuta manhaja ya zauna gabansa, ya buga wd:Q1033 wdt:P36 ?birni a tsakiyar tambayarsa, ya danna maɓallin. Kafin ya ɗauke yatsa amsa ta sauko a ƙasa, layi ɗaya tak: Abuja. Q1033 ita ce lambar Nijeriya a wannan rumbun, P36 tana nufin babban birni, alamar tambayar da kalmar da ke manne da ita kuwa gurbi ne da aka bar wa na'ura ta cike. Amsar daidai take, ba mai ja. Sai dai ta zo ita kaɗai. Ba ta ce tun yaushe ba, ba ta ce a bakin wa aka ji ba, ba ta kuma ambaci Legas ba, wadda ta riƙe wannan matsayi har zuwa 12 ga Disamba 1991.

Rumbun yana da wurin ajiye duk waɗannan. Wikidata, wadda reshen Wikimedia na Jamus ya buɗe a watan Oktoba na 2012, an gina ta ne yadda kowace magana za ta iya ɗaukar lokacinta da madogararta da darajarta: akwai wadda aka fifita, akwai ta yau da kullum, akwai wadda aka raunana. Haruffan nan uku, w da d da t, su ne suka tuɓe wa amsar kayanta. Duk wanda ya shiga ta wannan ƙofa, maganar da ta fi daraja kaɗai zai tarar, ba lokaci, ba madogara. Maginan da kansu sun laƙaba wa irin wannan amsa wata kalmar Ingilishi mai ma'anar "mai kama da gaskiya". Wanda yake son cikakkiyar magana sai ya bi doguwar hanya: ya nemo maganar da p:, ya ciro abin da ta ƙunsa da ps:, ya ciro lokacinta da pq:, sannan ya bi wata igiya ta daban zuwa madogara. Layi ɗaya ya koma biyar ko shida.

Mai koyo gajeriyar hanyar ake fara nuna masa, kuma da yawa a nan suke yada zango. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ta girmi kwamfuta da ƙarnoni: maganar da aka raba ta da mai faɗinta, har yanzu ilimi ce? Maƙerin kayan aikin tambaya yana amsa ta, da saninsa ko ba da saninsa ba, duk sa'ad da ya yanke abin da zai zo hannu da sauƙi da abin da sai an yi gumi.

Mafarkin ajiye ilimi yadda na'ura za ta fahimce shi na Tim Berners-Lee ne, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989. Shafukan yanar mutane ne ke karanta su, kwamfuta ɗan aike ce da ta ɗauko wasiƙa a rufe. A watan Mayu na 2001 shi da James Hendler da Ora Lassila suka fitar da maƙala a mujallar Scientific American, suna hasashen yanar da na'ura za ta iya bin ma'anar abin da take ɗauke da shi. Tubalin ginin shi ne RDF, wanda hukumar W3C ta amince da shi tun 1999. A cikinsa kowace magana ƙafa uku gare ta, kamar duwatsun murhu: abin da ake magana a kansa, da alaƙa, da abin da alaƙar ta kai gare shi. Kano, tana cikin, Nijeriya. Nijeriya, tana maƙwabtaka da, Nijar. In aka jera miliyoyin irin waɗannan, ƙarshen wata ya zama farkon wata, sai su sarƙe su zama raga. A 2008 aka tsayar da SPARQL, harshen da ake yi wa ragar tambaya da shi.

Almajirin da ya taɓa zama zauren mantiƙi ba zai ji wannan baƙo ba. Maudu'i ne da mahmuli, jinsi ne da nau'i. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda yara ke fara fiƙihu da littafinsa da ake kira Ahalari, shi ne kuma mai Sullam, wanda ake koyon mantiƙi da shi. Al-Magili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya kare wannan fanni a lokacin da Suyuɗi yake hana shi. Wanda ya buɗe Protégé, manhajar Jami'ar Stanford da ake tsara rabe-raben abubuwa da ita, zai ga bishiya a gefen allo, jinsi a sama, nau'o'i suna rassa a ƙasa, ita ce dai bishiyar da ta taso daga Aristotal ta bi ta hannun malaman Bagadaza. A Wikidata ma dukan nauyin ginin yana kan alaƙa biyu: P31, wato "ɗaya ne daga cikin", da P279, wato "reshe ne na". Sauran kayan aikin, irin su Jena da aka fara a ɗakin binciken kamfanin HP a Bristol, da RDF4J, da RDFLib na masu harshen Python, da YASGUI da ke ƙarasa wa mai rubutu kalma kafin ya gama buga ta, aikinsu su sauƙaƙa wannan tsohon fanni ga mutanen da galibi ba su taɓa jin sunansa ba.

Matsala ta farko suna ce. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke nufin ƙasar Nijar da jihar Neja da babban kogin da ya ratsa su. Na'ura ba ta da yanayin zance da za ta rarrabe da shi, don haka a 2006 Berners-Lee ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu, na farkonsu shi ne a ba kowane abu adireshinsa na yanar gizo a matsayin suna. Nijar ta zama Q1032, jihar da kogin kowa ya kama lambarsa. Malaman usulu sun daɗe suna tattauna asalin sunaye: ko Allah ne ya koyar da su, kamar yadda aka jingina wa Abul Hasan al-Ash'ari bisa aya ta 31 a Suratul Baƙara, ko kuwa mutane ne suka yi ittifaƙi a kansu, kamar yadda Abu Hashim al-Jubba'i ya tafi a kai. A nan dai ba shakka ittifaƙi ne, amma na su wa? Berners-Lee yana ganin mai adireshi shi ke da ikon faɗin abin da yake nufi. Pat Hayes, masanin mantiƙin da ya rubuta ƙa'idojin ma'anar RDF, ya ce amfanin da mutane ke yi da suna shi ke ɗaure shi da abu, kuma shubuha ba ta ƙarewa. Hukumar W3C ta kwashe shekaru tana gardama a kan ko adireshi yana nufin abin ne ko shafin da ke bayaninsa, sai a 2005 aka yi sulhu da wata dabara ta tura mai nema daga wannan adireshi zuwa wancan.

Da kowa ya sami ikon raɗa suna, sai abu ɗaya ya tashi da sunaye goma. DBpedia, wadda aka tatso daga Wikipedia a 2007, tana da nata adireshin na Kano, GeoNames tana da nata, ɗakunan karatu suna da nasu. Aka ƙera ƙugiyar haɗa su, ana kiran ta owl:sameAs, ma'anarta wannan shi ne wancan. Ma'anar kuwa mai tsauri ce, irin ta Leibniz: in biyun ɗaya ne, to duk abin da ya tabbata ga wannan ya tabbata ga wancan, ba togiya. Injin da ke ciro hukunci daga jimloli zai kwashe kayan ɗaya ya zuba wa ɗayan, ya kwaso na ɗayan ya dawo da su, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Mutane ba haka suke nufi ba in sun ce abu biyu ɗaya ne. Bahaushe yana kiran Zinder Damagaram, kuma ba kuskure ya yi ba. Amma Damagaram daula ce mai sarki da iyakoki da tarihin yaƙe-yaƙe, Zinder kuwa birni ne da ya zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har aka mayar da ita Yamai a 1926, kuma sunan jiha ne a yau. Wanda ya ɗaure su da owl:sameAs ya ba daular magajin gari, ya ba birnin iyakokin daula. Haka Zariya da Zazzau. A 2010 Harry Halpin da Pat Hayes da abokan aikinsu suka bi yadda ake amfani da wannan ƙugiya a rumbunan da ke yanar, suka nuna cewa sau da yawa masu saka ta abin da suke nufi shi ne "sun yi kama", ko "suna da alaƙa", ko "ɗaya ne a wani mahalli ban da wani". Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Ko inda abin ɗaya ne da gaske, da sauran rina a kaba. Gottlob Frege, malamin lissafi a Jami'ar Jena ta Jamus, ya kawo misalin tauraron asuba da tauraron almuru a 1892: jiki ɗaya ne a sama, amma gano hakan ilimi ne sabo, domin sunayen biyu hanyoyi biyu ne na isa gare shi. Hausa tana da misalin a gida. Gamzaki ne ke fitowa gabanin alfijir, Zara ce ake gani kusa da jinjirin wata bayan magariba har ake ce mata matar wata, kuma duka biyun duniyar Zuhura ce. Manomi zai iya sanin lokacin fitar Gamzaki sarai, ya tashi da shi shekara arba'in, bai san shi ne Zara ba. Na'urar da aka gaya mata biyun ɗaya ne za ta yanke cewa manomin ya san Zara tana fitowa da asuba, abin da bai taɓa ratsa zuciyarsa ba. Duk inda magana ta shafi abin da wani ya sani, ko ya faɗa, ko ya yi imani da shi, musayar suna da suna tana ɓata ta.

Malaman hadisi sun sha wannan ruwa tun da daɗewa, kuma sun ɗauke shi da muhimmancin da ya kamata, domin hukuncin addini na iya rataya a kan ko wane ne wani "Hammad" a cikin isnadi. Akwai Hammad ɗan Zaidu, akwai Hammad ɗan Salama, duka mutanen Basra, zamani ɗaya. Akwai Sufyanu as-Sauri na Kufa, akwai Sufyanu ɗan Uyaina na Makka. Waɗannan duka manya ne amintattu, amma inda ɗaya amintacce ne ɗayan mai rauni, ruɗa su yana ɗaga hadisi ko ya kayar da shi. Al-Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda ga masu suna iri ɗaya alhali mutane ne daban, ya kuma rubuta wani, Muwaddihu Auhamil Jam'i wat Tafriƙ, a kan kurakuran da magabata suka yi wajen mayar da mutum biyu ɗaya ko raba mutum ɗaya biyu. Hanyarsu ita ce a duba wa ya ɗauka a wurin wa: malaman mutum da ɗalibansa su ke bayyana shi. Da harshen yau, ana gane abu da igiyoyin da suka fita daga gare shi da waɗanda suka shigo.

A ajiye wannan kusa da OpenRefine, manhajar da ma'aikatan ɗakunan karatu da na adana tarihi ke tsabtace jadawalinsu da ita kafin su haɗa shi da Wikidata. Ma'aikaciya tana da jerin sunaye ɗari biyar a gabanta. Ƙarƙashin kowane suna manhajar ta jero waɗanda take zato, kowanne da makinsa, a gefensu kuma 'yan akwatuna biyu. Mai alamar maki ɗaya yana cewa: wannan layin kaɗai na yarda shi ne wane. Mai alamar maki biyu yana cewa: duk inda wannan suna ya fito a jadawalin, wane ne. Tsakanin akwatunan biyu bai kai faɗin farce ba. In sunan Muhammadu Bello ne, danna na biyun ya mayar da kowane Muhammadu Bello da ke jadawalin, da malamin makaranta da ɗan kasuwa da marubucin jiya, Sarkin Musulmin da ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Abin da Al-Khaɗib ya ba shekaru, gajiyar yamma tana iya warware shi da yatsa ɗaya. Manhajar tana ba da damar a haɗa da wasu ginshiƙai, kamar shekarar haihuwa ko gari, don zaton ya ƙara ƙarfi, kuma wannan shi ne daidai. Wikidata ma ta tanadi alaƙa biyu masu kunya: P460, "an ce ɗaya ne da", da P1889, "daban yake da". Ta farkon ita ce wuri mafi kusa da na'ura ta zo ga furta "wai".

Shiru ya fi suna wuyar sha'ani. Rumbunan bayanai na gargajiya, irin na banki da na kamfanin jirgin sama, suna aiki da abin da Raymond Reiter ya bayyana a 1978 da sunan rufaffiyar duniya: abin da ba a rubuta ba, babu shi. In allon tasha bai nuna jirgin Sakkwato na ƙarfe huɗu ba, to babu jirgin. Wannan ya dace da tasha, domin mai allon shi ne mai jiragen. Yanar gizo ba ta da mai ita, ba wanda ya gama rubuta ta, saboda haka RDF da OWL, harshen da owl:sameAs ya fito daga cikinsa, suka ɗauki buɗaɗɗiyar duniya: abin da ba a rubuta ba, ba a sani ba ne kawai. Malaman usulu suna da irin wannan, cewa rashin samun abu ba ya nuna babu shi, kuma an jingina wa Imamu Shafi'i ƙa'idar cewa ba a ɗora wa wanda ya yi shiru magana.

Amma mai tambaya yana son amsa, kuma harshen tambayar ya ba shi wuƙa. A SPARQL na 2013 aka shigo da FILTER NOT EXISTS, wanda ke cewa: kawo mini waɗanda ba a sami kaza a kansu ba. Mai bincike ya nemi sarakunan da ba su da 'ya'ya, injin ya jero masa sarakunan da ba wanda ya zauna ya shigar da sunayen 'ya'yansu. Jerin biyu ba ɗaya ba ne, amma a allo kamarsu ɗaya. Akwai ma abin da ya fi wannan. Tambaya ɗaya tana iya leƙa rumbuna da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma harshen ya tanadi kalmar SILENT, wadda in an saka ta, rumbun da ya mutu ko ya ƙi amsawa sai a tsallake shi ba tare da ƙorafi ba. Jadawali ya fito tsaf, ba alamar cewa an kira wani shaida bai zo ba.

Wanda wannan shiru ya fi cuta sananne ne. Akwai taswirar da ake zanawa daga Wikidata, inda kowane abu mai adireshin wuri yake zama ɗigon haske a kan baƙin fage. Turai tana ƙyalli kamar an kunna mata fitilu, yankin Sahel kuwa duhu ne da 'yan ɗigo nan da can. Ba garuruwa ne babu ba, ba malamai ko kasuwanni ko rijiyoyi ne babu ba, masu shigarwa ne suka yi kaɗan. Kayan aikin da ke fassara "ba a rubuta ba" zuwa "babu" yana shafe mutanen da dama can ba a rubuta su ba, kuma yana yin haka da fuskar lissafi, wadda ba a saba yi mata musu ba.

An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma malamai suna kawo wannan a babin girmansa. Maginan Wikidata sun cancanci yabo a nan, domin sun raba shiru gida uku. Akwai inda ba a ce komai ba. Akwai inda aka rubuta cewa amsa tana nan amma ba a san ta ba, kamar mutumin da aka tabbata ya rasu amma ranar ta ɓace. Akwai kuma inda aka rubuta cewa babu amsar sam, kamar gurbin 'ya'ya a shafin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, wadda ta mutu a 1603 ba ta haihu ba. Wannan rabo mai kyau ne ƙwarai. Abin takaici, manhajoji da yawa da ke ɗebo bayanai daga rumbun suna mayar da ukun farin gurbi ɗaya. Ba laifi ba ne a rufe duniya in aiki ya buƙata. Alƙali ma yana hukunci da istishabi, ya bar abu a kan asalinsa har hujja ta zo, kuma W3C ta fitar da SHACL a 2017 don masu son su ce "a wannan rumbun, kowane mutum dole ya zo da ranar haihuwa". Bambancin shi ne alƙali ya san zato yake bi, yana kuma faɗa. Ƙaramin rubutun da manhaja ke nunawa in jadawali ya fito fanko, ko "babu" ko "ba a samu a wannan rumbun ba", hukunci ne da wani ya yanke a kan iyakar sani, sau da yawa cikin daƙiƙa biyar, dab da tashi daga aiki.

Sai a koma ga mai faɗa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Duk mai karanta jarida a Nijeriya ya san cewa jimlar "Legas, yawan jama'arta, kaza" ba ta da amfani sai an ji bakin da ta fito. Amma jimla mai ƙafa uku ba ta da ƙafa ta huɗu da za a rataya "in ji wane". Hanyar farko da RDF ya tanada ita ce a ƙara jimloli huɗu don kawai a nuna jimla ɗaya da yatsa, kuma masu rubuta manhaja sun tsane ta. A 2005 aka kawo shawarar a zuba jimloli a buhu a raɗa wa buhun suna. A 2013 W3C ta fitar da PROV don bayyana asalin bayani. A 2014 Olaf Hartig da Bryan Thompson suka kawo RDF-star, wanda ke barin a sa jimla cikin baka a yi magana a kanta, kuma daga nan aikin RDF 1.2 ya taso. Abin da ya fi cin lokacin kwamitin wannan aiki shi ne tambayar da kowane mai ruwaya ya sani: wanda ya hakaito magana, ya yarda da ita ke nan? In kuma an canza wani suna a cikin maganar da aka hakaito da wani sunan na abu ɗaya, maganar mai ita ce har yanzu? Gamzaki da Zara suka sake dawowa teburin injiniyoyi.

Masu son gajeriyar hanya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tun 2001 Cory Doctorow ya yi gargaɗin cewa mutane suna ƙarya, suna ƙyuya, ba za su zauna su yi wa bayanansu lakabi na gaskiya ba. A 2003 Clay Shirky ya ce duniya ba ta tafiya da ƙiyasin mantiƙi. Abin da ya yaɗu da gaske shi ne abin da aka sauƙaƙa: schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, da JSON-LD na 2014, wanda ya ɓoye jimlolin a cikin sigar da kowane mai gina shafi ya riga ya saba da ita. Isnadi kuma yana da nauyi a kan inji. Injin tambayar Wikidata yana ɗauke da biliyoyin jimloli, yana yanke duk tambayar da ta wuce daƙiƙa 60, kuma nauyin ya kai har an ware maƙalun ilimi zuwa rumbu na daban. Tambayar da ta bi madogara ta fi saurin cin wannan minti ɗaya. Wanda ya ce a tilasta wa kowa doguwar hanya, ƙarshenta zai kori mutane ne su koma inda ba madogara ko kaɗan.

Duk da haka akwai tazara tsakanin taƙaita isnadi da ɓoye cewa an taƙaita. Malaman da suka tattara hadisai ba tare da dogayen isnadai ba don sauƙin ɗalibi, irin su Imamu Nawawi, sun bar sunan sahabi a farko da sunan littafin da aka ciro a ƙarshe, yadda mai son bi zai sami bakin zare. Wannan shi ne gwargwadon amanar da ke kan maƙerin kayan aiki, kuma ba ta fi ƙarfinsa ba. Zai iya sa ɗan ginshiƙi a gefen kowace amsa da ke nuna madogara nawa gare ta, ko babu ko ɗaya. Zai iya sa manhajarsa ta ce akwai wasu maganganu biyu da aka tsallake saboda darajarsu, ta kuma faɗi sunan rumbun da aka kira bai amsa ba. Zai iya nisanta akwatin maki biyu daga na maki ɗaya. Mai amfani ba ya karanta takardun W3C, abin da allo ya nuna masa shi ne iyakar abin da zai ɗauka, kuma ya ba da yardarsa ne ga wanda bai taɓa gani ba.

Maganar ta kusa shigowa Hausa kai tsaye. A watan Yuli na 2020 gidauniyar Wikimedia ta sanar da amincewarta da shirin Denny Vrandečić, wanda ya jagoranci kafa Wikidata, na a riƙa ajiye ilimi cikin sigar da ba ta kowane harshe ba, sannan ƙananan manhajoji su mayar da shi jimloli a harsuna daban-daban. A 2021 aka zaɓi Hausa cikin harsunan da za a fara mayar da hankali a kansu, tare da Ibo da Bengali da Malayalam da Dagbani na Ghana, kuma a 2023 aka buɗe Wikifunctions, inda ake rubuta waɗannan manhajoji. Wanda zai rubuta ta Hausa zai tarar harshen ya riga ya tanadi abin da kwamitoci ke nema. "In ji" yana miƙa magana ga mai ita ba tare da ya ɗauki ɓangare ba. "An ce" yana ɓoye mai faɗa amma yana nuna akwai shi. "Wai" yana ja da baya taku ɗaya, yana bar wa mai sauraro shakka. "Ashe" na wanda ya gano abu ne bayan bai sani ba. Yaro ɗan shekara bakwai da aka aika gidan maƙwabta yana rarrabe su, ya san "Baba ya ce a ba shi" daban yake da "wai Baba zai zo".

Saboda haka wani zai zauna gaban allo, wataƙila a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya yanke yadda jimlar yawan mutanen Legas za ta fito: ko "mutanen Legas miliyan 9.1 ne", ko "miliyan 9.1 ne a ƙidayar 2006, in ji hukumar ƙidaya ta ƙasa". Zai yanke ko maganar da aka raunana za ta fito da "wai" a gabanta ko a bar ta a rumbu, da kuma abin da za a rubuta a gurbin da aka san akwai amsa amma ta ɓace. In ya zaɓi jimla ta biyu, manhajarsa tana buƙatar shekara da sunan hukuma, kuma waɗannan ba sa biyowa ta wdt:. Sai ya goge layin nan ɗaya, ya rubuta shidan.